Simintin da Muka Riƙe

Ina cikin shekarata ta uku da fara koyar da darasin motsa jiki a wata kwaleji da ke arewacin Kaduna, Mataimakin Shugaban kwalejin ya kore ni daga filin wasa. Ni kaɗai ce mace a sashenmu. Da safe ne, na fito da ɗalibaina mata muna zagaya filin a guje, kowacce da dogon wando da riga har gwiwa da ƙaramin hijabi. A ɗaya gefen kuma 'yan ƙwallo maza suna atisaye. Sai ga motarsa ta shigo har kan ciyawa. Bai fito ba, gilashi kawai ya sauke, ya yafito ni da yatsa.

"Malama, wa ya ba ki izinin kawo 'ya'yan mutane nan suna tsalle-tsalle a gaban maza?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yana cikin manhaja. Jadawalin ma kai ka sa masa hannu."

Ya ce, "To na janye hannuna. Nan makaranta ce, ba dandali ba. Ki kwashe su."

Da ƙarfi ya yi maganar don kowa ya ji. Samarin suka tsayar da ƙwallo suna dariya. Yarana suka tattara jakunkunansu, kai a ƙasa, muka bar filin a jere kamar waɗanda aka kama da sata.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila na manta. Amma sai ya nemi lambar maigidana, wanda ke aiki a wata ma'aikatar jiha, ya kira shi ya ce ya ja wa iyalinsa kunne. Bayan sati biyu suka haɗu a wani ɗaurin aure, ya sake tayar da maganar a gaban abokansa, har da kwaikwayon yadda nake busa usur. Maigidana ya dawo gida bai taɓa abincinsa ba. Bai hana ni aiki ba, bai kuma yi mini faɗa ba, amma mun yi makonni muna gaisawa kamar baƙi. Surukata ta aiko daga Zariya tana tambaya wai da gaske ne da gajeren wando nake fita.

Daga nan darasinmu ya koma cikin aji. Kullum sai mun tura bencina jikin bango kafin mu fara, mu mayar da su in mun gama. Fankar ajin ta sauko ƙasa sosai, dogayen ɗalibai ba sa iya miƙa hannu sama sai an kashe ta, mu yi ta zufa. Hanyar tsere kuwa a allo nake zana ta da alli. Shekara tara muka yi a haka. Na yaye 'yan mata riƙe da takardar shaidar koyar da wasanni, alhali ba su taɓa gudun mita ɗari a fili ba.

A duk shekarun nan ban fasa gaishe shi ba. In muka haɗu a baranda nakan rusuna in ce ranka ya daɗe, ya ɗaga mini hannu ba tare da ya kalle ni ba. Na tabbata shi ya manta. Ni kuwa ko launin hular da ya sa ranar ina iya faɗa.

Sai ga masu tantance kwasa-kwasai sun zo. Suka zagaya filinmu da ya zama duk ramuka, suka leƙa sitonmu suka ga tsofaffin raga da ƙwallayen da ba iska a cikinsu, suka ce in ba a gina zauren motsa jiki da hanyar tsere ba kafin su dawo, za a rufe sashen. Gwamnati ta ce ba ta da hali a wannan shekarar. Aka yanke shawarar kafa gidauniya, aka ba Mataimaki shugabancin kwamiti. Ya kusa ritaya a lokacin, yana son ya bar wani abu da za a riƙa nunawa a ce shi ya yi.

Ranar da aka manna zanen ginin a ɗakin taro, na tsaya na bi shi da yatsa. Ƙofa ɗaya, ɗakin sauya kaya ɗaya, banɗaki ɗaya. Na ɗaga hannu na tambaya ina ɓangaren mata.

Ya ce, "In an samu rara za a duba. Ke dai ga naki aikin: ki haɗa tsofaffin ɗalibai mata, su yi mana girkin ranar ƙaddamarwa."

Na ce to. A raina kuwa wani irin sanyi na ji, don da hannunsa ya miƙo mini abin da na daɗe ina jira.

Na fara bin yarana ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe mana zauren hira a waya, wannan ta jawo waccan, kafin wata guda mun cika shi. Wasu suna koyarwa, wasu sun bar allo sun kama kasuwanci, wasu suna gidajen mazajensu. Duk Asabar nakan hau a-daidaita in je gidajensu. A Malali na sami wadda ta zama babba a wani ofishin gwamnati. A Kinkinau na sami wadda ta gaji shagon kayan gini daga mijinta da ya rasu, tana sayar da siminti da rodi, leburori suna kiranta Hajiya. Ita tana cikin waɗanda aka kora tare da ni. Ban ɓoye mata komai ba.

Na ce, "Ba don Allah kaɗai na zo ba. Ina son zauren, amma ina son mutumin nan ya sunkuya."

Ta juya mukullai a hannunta, sannan ta ce, "Malama, ranar nan da na koma ɗaki kuka na yi ta yi. Wani daga cikin 'yan ƙwallon ya yi ta kirana 'yar tsalle har muka gama makaranta. Faɗi abin da za a yi."

Muka shirya cewa gudummawar mata ba za ta shiga hannun kwamiti ba. Duk wadda ta kawo nata, a mayar da shi siminti da rodi da bulo, a ajiye a shagon Kinkinau. Wata da ba ta da hali ta ce mijinta direban tifa ne, zai kawo yashi kyauta. Mai ofishin Malali ta samo mana injiniya mace da ta zana wani sabon tsari ba tare da ta karɓi ko sisi ba.

Girkin ma mun yi shi, mun kuma yi shi da kyau. Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfuna, manyan baƙi suka cika kujerun gaba da manyan riguna. Mai gabatarwa yana kiran mutum, mutum ya tashi ya yi alkawari a lasifika, a tafa, a ɗauki hoto. Mataimaki sai fara'a yake yi, yana gyara zaman babbar rigarsa. Da aka zo kan tsofaffin ɗalibai mata, na tashi na ce mu namu yana tafe, na zauna. Ya yi dariya ya ce ai shinkafar ma ta wadatar.

Abin da ya shigo hannu ranar ya isa haƙa harsashi ne kawai. Manyan da suka yi alkawari kuwa, wannan ya tafi Umra, wancan ba ya ɗaukar waya, wani ya ce a jira bayan zaɓe. Damina ta sauka, ramin ya cika da ruwa, kwaɗi suka tare a ciki. Daga tagar ajina nake hango shi tsaye a bakin ramin da 'yan kwamitinsa, hannu a baya. Ba zan yi ƙarya ba, nakan daɗe a tagar.

Ban san wanda ya kai masa labarin shagon Kinkinau ba. Ya aiko sakataren kwamiti, na ce kayan ba nawa ba ne ni kaɗai, amma in shugaban kwamiti yana da magana ya san inda nake. Sai ya koma ga abin da ya iya, ya kira maigidana. Ina zaune a gefe ina tsince shinkafa, maigida ya sa wayar a fili yadda zan ji.

Mataimaki ya ce, "Alhaji, ka sa baki mana. Kai ne sama da ita."

Maigidana ya ce, "Yallaɓai, wancan karon da ka kira ni, na saurare ka, kuma har yau ina jin kunyar hakan. Ga gidan nan a Unguwar Kanawa, ka zo ka same ta."

Ya kashe wayar, ya ci gaba da karatun jaridarsa. Bai taɓa ba ni haƙuri a kan waɗancan makonnin ba sai ranar, kuma ta wannan hanyar.

Ya zo ranar Lahadi bayan la'asar. Na sa aka kai masa ruwa da lemo a falo, na idar da abin da nake yi a kicin ba tare da gaggawa ba, sannan na fito. Ya tsufa fiye da yadda nake ganinsa daga nesa. Ya fara da dogon bayani a kan makomar sashe da amanar 'ya'yan jama'a. Na bar shi ya gama, na shimfiɗa masa zanenmu a kan tebur: zauren mata da ƙofarsa daban, ɗakin sauya kaya, banɗaki, da safiya uku a sati da hanyar tsere za ta zama ta mata.

Ya duba ya ce, "Wannan mai yiwuwa ne."

Na ce, "Saura ɗaya, ranka ya daɗe. Za a tara ɗalibai a filin, maza da mata. Kai da bakinka za ka sanar da wannan, ka kuma ce korar da aka yi wa mata daga filin kuskure ce, kai ka yi ta."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Malama, abin da ya wuce shekara da shekaru? Na haife ki fa."

"A gaban jama'a ka yi, a gaban jama'a za ka gyara."

Ya ce zai rubuta mini takarda. Na ce ba na so. Ya ce zai faɗa a taron malamai. Na ce malamai ba su ne suka yi mana dariya ba. Ya tashi bai sha lemon ba. Kwana huɗu ban ji daga gare shi ba, har wasu daga cikin matan suka fara cewa ko mu sassauta, kada a rufe sashen mu yi biyu babu. Ni ma na tsorata, amma na ce a ƙara haƙuri. A rana ta biyar Shugaban kwaleji da kansa ya sa aka fitar da sanarwar taro.

Tsofaffin ɗalibaina sun zo da yawa, wasu da goyo. Motocin siminti suna tsaye a bakin ƙofar makaranta, Hajiyar Kinkinau ta ce wa direbobin kada wanda ya shigo sai ta kira. Mataimaki ya hau kan ɗan dandamali da takarda a hannu. Sanarwar ginin ya karanta ta da murya sosai. Da ya zo ɗaya maganar sai ya yi ƙasa da murya, ya janye bakinsa daga lasifika. Na taka har gaban dandamalin na ce, "Ranka ya daɗe, na baya ba sa ji." Ya kalle ni, wannan karon ido cikin ido, ya maimaita. Babu wanda ya tafa. Hajiya ta ɗaga waya ta ce motoci su shigo.

Ginin ya ɗauki fiye da shekara. Masu tantancewa sun dawo sun tarar da shi an kai linta, wato saman ƙofofi da tagogi, suka ƙara mana wa'adi. Da mutanen gari suka ga aiki na tafiya, wasu daga cikin masu alkawarin ma suka waiwayo. Injinan motsa jikin da muka samu tsofaffi ne na hannu, biyu daga ciki har yanzu ba su taɓa aiki ba, amma zauren yana cika.

A walimar ritayarsa aka yi jawabai, aka ba shi kyautar agogon bango da darduma. Da ya tashi yin nasa jawabin, ya rufe da abin da kowa ke rufewa da shi: duk wanda ya ɓata wa, da sani ko da kuskure, ya yafe masa. Ɗakin ya amsa gaba ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Ni ban buɗe baki ba. Malamar da ke kusa da ni ta taɓa ni da gwiwar hannu, ta raɗa mini cewa in ji tsoron Allah, mutumin ya riga ya biya.

Na san ladan mai yafiya, tun ina Islamiyya aka koya mini, kuma ina roƙon Allah ya kai zuciyata can kafin in mutu. Amma ranar ba ta kai ba, ban kuma ga dalilin da zan faɗi abin da ba haka yake a raina ba. Na cinye namana, na goge hannu, na fita kafin a fara ɗaukar hoto, don ina da aji ƙarfe huɗu kuma mukullin zauren mata yana jakata.