Langa biyu a kan tabarma

Jiya na kawo wa maiɗakina musun da ya raba majalisarmu. Langa biyu ce, ɗaya a buɗe da kifi guda, ɗaya a rufe. Mai ajiyewar ya san halinka sarai. In rufaffiyar kaɗai za ka ɗauka, ya cika ta. In duka za ka kwashe, ya bar ta wayam.

Na ce, "Ni rufaffiyar ta ishe ni, ba ni da haɗama."

Ta yi murmushi kawai.

Yau na dawo daga bakin dam ɗin Tiga da yunwa, sai ga langa biyu a kan tabarma. Na waiga, ba kowa, na jawo duka. Rufaffiyar wayam.

Daga madafa ta ce, "Baban Ummi, yaya musun naku?"

Jama'a, ku faɗi gaskiya, hannunku a kan wacce zai tsaya?