Wane Jirgin?

Jiya ina damun fura jirgi ya wuce ta sama, sai na tuna da surukina, Baffa. Mutum ne mai tambayar tsiya. Ko ruwa ka miƙa masa sai ya ce, "Na wace rijiya?"

Shekarar da aka share fili bayan gari, masinjan Bature ya tara makiyaya a ƙarƙashin ɗorawa, ya ce ana neman shawararsu kan sabuwar doka: ranar Talata kada saniya ta kusanci hanyar jirgi. Kowa ya amsa da to. A Minna, in an ce jirgi ai na ƙasa ne. Har maigidana ya ce zai kora shanunmu cikin sabon filin, nesa da dogo.

Baffa ya tofar da goro, ya dubi masinja. "Ɗana, wane jirgin?"

Aka yi dariya. Masinja bai yi ba. "Na sama, Baffa."

Aka gyara dokar, aka ƙara da buga ƙarfe kafin saukarsa. Ranar Talata ina kallo ya sauka daidai inda maigidana ya so ya tsaya. Na zauna a ƙasa.

Allah Ya sauƙaƙa wa Baffa tambayar kabari.