Gadin Man Shanu a Warsan

Mu huɗu muka haɗu muka sayi motar, kuma har yau idan aka tambaye ni dalili sai in ce ruɗin zaman Dubai ne. Irin motar nan ce mai ɗaki a ciki, da gado da ɗan kicin da banɗaki, wadda Turawa ke shiga sahara da ita su kwana da gangan. Baturen da ya sayar mana zai koma ƙasarsu ne. Muka ce ai mu ma mutane ne, duk Juma'a za mu riƙa fita bayan gari muna gasa nama. Sau ɗaya muka fita. Muka kafe a yashi tun muna hango kwalta, wasu Larabawa suka jawo mu suna ta dariya. Daga nan muka kai ta bayan wani sito a Warsan muka ajiye, ba ta sake motsawa ba.

Abin da ya rage mai amfani a jikinta shi ne firji. Da gas yake aiki, domin a filin nan ba wanda zai ja mana wuta. Mu kuwa yawancinmu a Karama muke, muna raba gida da mutanen ƙasashe iri-iri, kuma duk wanda ya taɓa sa daddawa a firjin haɗaka ya san irin taron gaggawar da ake kira a kansa. Sai firjin motar ya zama rumbunmu. Duk wanda ya dawo daga gida da daddawa ko busasshen kifi ko dambun nama, can yake kaiwa. Wani dattijo mutumin zangon Kumasi da ke gadin siton shi ke canza mana tukunyar gas. Baba muke ce masa.

A cikinmu akwai aminina, akanta ne, mutum mai tsari har ya yi yawa. Zuwansa gida na ƙarshe, mahaifiyarsa ta kaɗa nono da kanta ta cura masa ɗanyen man shanu, aka daskarar, ya taho da shi a roba cikin akwati. A jikin curin na sama ana ganin shatin yatsunta sarai, huɗu a gefe guda, babban yatsa a ɗaya gefen. Ya ce sai azumi zai taɓa. Azumin bai zo ba Allah ya yi mata rasuwa. Ranar da zai tafi gida zaman makoki ya damƙa mini mukullin motar, ya ce kada kowa ya taɓa robar nan, ni ma kada in taɓa. Yana sauka Kano korona ta sa aka rufe filayen jirgi, ya maƙale a can.

Ana cikin kulle sai ga saƙo daga Baturen nan. Wai kamfanin da ya ƙera firjin ya yi wa irinsa kiranye, kamar sanatan da ya ɓata wa mazaɓarsa rai. Akwai wani bututu a bayansa da ke iya tsagewa, idan ya tsage kuma gobara ce. A kashe shi nan take har sai an zo an gyara. Alamar haɗari ɗaya ce, wani wari mai hawa kai irin na tsohon fitsari. Idan an ji shi, a gudu.

Na kira wakilan kamfanin a Dubai Investments Park. Wata mata mai daɗin murya ta ce in kawo motar. Na ce motar ba ta tafiya. Ta ce to za su turo mai gyara da sabon ƙarfe. Na yi godiya, na tambayi yaushe. Ta ce ƙarfen yana ƙasar waje, jirage kuma ba sa tashi, kafin nan dai in kashe firjin. Na ce akwai ajiyar wani a ciki da ba za ta jure zafi ba. Ta tambaya ko magani ne. Da na ce man shanu ne, sai ta sanar da ni cikin ladabi cewa ana sayar da shi a kowane babban kanti. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na kira aminina na zayyana masa komai, na ce bari in kai robar firjin gidanmu. Ya ce wanda maƙwabtana ke ajiye naman alade a ciki? Man mahaifiyarsa ba zai kwana kusa da wannan ba. Na ce ofis fa? Ya tuna mini duk Alhamis ake kwashe firjin ofis a zubar. Na ce to gidan ɗaya daga cikin masu iyali. A nan ne ya yi dariyar farko tun bayan rasuwar, ya ce in faɗa masa tsakani da Allah, a wane gidan Bahaushe ne man shanu zai ga tuwo ya kai mako? Ba rashin amana ba ne, in ji shi, hannu ne ke tafiya da kansa. Na kawo maganar soyawa, tun da kowa ya san soyayyen man shanu ba ruwansa da firji. Muryarsa ta canza.

“Idan ka soya, yatsun fa?” ya ce.

Ban sake tayar da maganar ba.

Sauran abokan tarayyarmu biyu suka zame. Ɗaya ya ce shi dama ɓangaren tayoyi ne kasonsa. Ɗayan ya turo addu'ar neman tsari daga gobara, ya kashe waya. Na zama ni kaɗai ke da firjin da kamfaninsa ma ya yi bara'a da shi. A lokacin kuma ba a fita sai da izini ta waya, kuma sai ka zaɓi dalili: abinci, magani, ko asibiti. Babu gurbin ziyarar firji. Nakan zaɓi abinci, tun da dai ba ƙarya na yi ba. In je in zauna a inuwar sito da takunkumi a fuska, in zura wa mota ido, gefena butoci cike da ruwa da tukunyar kashe gobara da wa'adinta ya ƙare tun zamanin Bature. Jifa-jifa in zagaya bayan motar, in sauke takunkumi, in shinshina bango.

Ana haka korona ta kama ni. Da sauƙi ta zo, alhamdulillahi, amma ta tafi da hancina. Na warke ina iya sa kai cikin tukunyar miya ban ji komai ba. Wato mai gadin da aikinsa ɗaya tak shi ne jin wari ya daina jin wari. Dole na roƙi Baba ya ara mini hancinsa. Ya karɓi aikin da muhimmanci, safe da yamma yana turo mini rahoto da murya. Wata rana da hantsi ya kira yana haki.

“Massa, yalla, zo maza. Abin ya fashe, warin ya fito.”

Na iske shi nesa da motar, ya riga ya sheƙa mata bokitin ruwa ta taga, katifa ta jiƙe sharkaf. Muka tsaya muna jiran wuta har rana ta take. Wuta ba ta zo ba. Ashe ledar daddawar wani ce ta huje, kuma babu hancin da zai rantse maka ya bambance tsohuwar daddawa da warin da kamfani ya kwatanta. Ranar muka kwashe komai muka rabar, masu kaya suna ta ƙorafi daga baya. Aka bar roba ɗaya tal a cikin firji, tana shan sanyin tukunyar gas guda ita kaɗai.

Bokitin Baba ne ya tona mana asiri. Mai siton, wani Balarabe da bai taɓa kula mu ba, ya ga ruwa ya tambayi dalili, Baba kuwa ba ya ƙarya. Mutumin ya dubi sitonsa cike da katifu da yadudduka, ya dubi motarmu, ya ce halas, wato magana ta ƙare, ko a kashe firjin kafin Juma'a ko ya sa a ja motar zuwa bola. Ban ga laifinsa ba. A makon ne kuma aminina ya samu labarin kamfaninsu ya rage ma'aikata har da shi, bizarsa za ta mutu yana Kano. Ba ranar dawowa.

Na kira shi ta bidiyo bayan la'asar, daga cikin motar. Ban yi dogon bayani ba, shi ma bai nema ba. Ya ce in buɗe robar. Wannan ne karon farko da na taɓa ta. Na kusantar da waya, ya daɗe yana kallo. Zafin Warsan ba ya jiran kowa, tun ina riƙe da ita gefen curin ya fara ƙyalli. Tausayinsa ya kama ni har na kasa duban fuskarsa, na mayar da ido kan man.

“Soya shi,” ya ce. “Amma kada ka kashe wayar.”

Baba ya fito da ɗan rishonsa da tukunya, muka kafa a fili nesa da motar. Na kashe firjin, na rufe gas. Na jingina waya da buta yadda zai riƙa gani, na juye curin a tukunya, na sama yana sama. Na ƙasa suka fara narkewa, shi kuma ya yi ta nitsewa a hankali. Babban yatsan ne ya fara tafiya. Sauran huɗun suka ɗan jima, suka baje, sai ga mai kawai yana tafasa. Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ban san dalili ba, ni ma na ji ya dace.

 Sai na ji aminina ya ja hanci ta cikin wayar.

“Malam, rage wutar,” ya ce. “Ka yanka albasa manya-manya. Ita ba ta sawa sai kumfar ta kwanta.”