Injin da Ya So Cinye Mana Gida

Maigidana mutum ne mai son a ji zuwansa. Shekara ashirin yana tuƙa kwalekwale da filafili, sai rana ɗaya ya ga sa'o'insa suna keta ruwa da inji, ya dawo ya ce kafaɗarsa ta gaji. Ni dai na san ba kafaɗa ba ce, ido ne.

Kuɗin inji ba mu da shi. Sai ya je wurin wani Alhaji, dillalin kifi a Yelwa, ya karɓo bashi, ya bar masa takardar gidanmu jingina a gaban shaidu biyu. Wa'adi kuwa kafin baƙin ruwa ya iso, ruwan nan da ke cika tafki bayan damina ta daɗe da ɗaukewa. In ya wuce, gida ya zama na Alhaji. Ban ji wannan daga bakinsa ba, matan da muke bandar kifi tare su suka fesa mini.

Watan farko mun sha kallo. Ko ya iso gaɓa ba ya kashe injin sai ya tabbata kowa ya ɗago kai. Matsalar ita ce kifi bai san an sayi inji ba. Abin da koma ta kamo, mai ya shanye. Biya biyu ya yi, na uku ya gagara.

Daga nan ya ɓullo da dabara. Da zarar ya hango babur ɗin ɗan aiken Alhaji, sai ya faɗa jirgi ya yi tsakiyar ruwa. Ya manta injinsa yana da wani tari da duk garin ya haddace. Ranar nan ina ce wa ɗan aiken nan maigida ya yi tafiya, tarin yana tashi daga bayan ciyawa. Mutumin ya saurara, ya ce, "To, ki gaishe shi. Ki ce ya duba fulogi."

Na yi dariya, amma wa'adi na matsowa. Kullum in na je wanki sai in ga ruwa ya ƙara hawa dutsen da nake aje kwano. Tsoro na ji, na gaske. Ina za mu kai yara huɗu da tsohuwa? Sai na yi abin da ya hana ni, na gaya wa Inna, mahaifiyarsa.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira shi, ta ce, "Yaushe anka yi wanga aiki?"

Ya fara lissafin tsadar mai.

"Ban tambaye ka mai ba. Ran kasuwa ka kai mu Yelwa, ni da matarka."

A rumfar Alhaji, maigida ya duƙufa nazarin yatsun ƙafarsa, Inna ta yi magana. Ba ta ɓoye komai ba: ga abin da ke hannu, ga abin da babu. Alhaji ya ce, "Inna, ni mi zan yi da gidanku? Gudun da shika yi ne ya ba ni tsoro. Da ya taho da kansa, da ba mu kai nan ba."

Aka kira shaidu. Alhaji zai karɓi injin a farashin tsoho, ragowar kuma kwandon banda ɗaya kowace kasuwa, takarda na hannunsa har a gama. Wata tara muka yi muna kai kwandon nan. Amma a ranar, maigida da hannunsa ya kwance injin, yana shafa shi kamar zai yi magana. Sai a lokacin ya tuna ya bar filafili a gida, dole ya yi aro.

A hanyar komawa yana tuƙi yana ƙunƙuni, wai an mai da shi baya, wai mutane za su yi masa dariya. Na ce ai sun riga sun yi, ya huta. Muna tsakiyar ruwa, ba tsibiri ba gaɓa, Inna ta ce ya tsaya. Ta daɗe tana duban tsaunin da ke gabas, sannan ta tsoma hannu a ruwa.

"Nan ƙasa gidan ubana yake," in ji ta. "Da anka yi dam, anka kwashe mu. Ba wanda munka iya zama da shi mu roƙa. Wanga karon akwai wanda za a roƙa, kai kuma kana gudu."

Maigida ya gyara zama. Ya tsoma filafili a hankali, har muka wuce wurin bai bari ya fantsama ruwa ba.