Tulun Zumar da Na Kira Giya

Ƙarfe huɗu na yammar wata Laraba, a hutun makaranta na shekarar 1956, abin ya soma lalace mini. Lokacin ni yarinya ce marar magana, ina karatu a Kano, na zo hutu Tudun Wada. Babana malamin haraji ne na gunduma. Tun ina ƙarama ni ke fiƙe masa alƙalami, ni ke karanta masa abin da idonsa ya kasa gani. Ranar na shiga zaure na tarar da wani saurayi a kan tabarmar da nake zama, ɗan Maguzawan Burumburum da bai daɗe da musulunta ba. Baba ya ce shi zai riƙa taya shi aiki.

Don in jawo hankalin Baba, sai na ba shi labarin da na karanta, na wani mutumin Armeniya, Kirista, da Sarkin Istanbul ya damƙa wa baitulmali shekara da shekaru. Baba ya yi murmushi ya nuna saurayin, ya ce to ga nasa ɗan Armeniyan nan. Labarina, da na yi ta tanadi tun daga Kano, shi aka ɗauka aka yi wa wani kirari da shi. Daga nan komai nasa ya tsone mini ido: yadda yake durƙusawa, yadda Baba ke ce masa ɗana, har kyan rubutunsa.

Wata rana saurayin ya dawo daga ƙauyensu da ƙaramin tulu a rufe da ganye. Ni ba na barin abu ban bincika ba, don haka na buɗe. Zuma ce, uwarsa ta aiko a riƙa ɗiga wa Baba a ido. Na sani sarai. Amma da na je kitso gidan hakimi, sai na ce wa mai kitson, murya ƙasa-ƙasa, wai na ga ya shigo da tulu daga wajen danginsa, kuma kowa ya san abin da Maguzawa ke dafawa. Ba a yi mako ba maganar ta kai kunnen hakimi, ya sallami saurayin. Bai yi musu ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya bar tulun a bakin ƙofa, ya tafi.

Kafin kaka ta zagayo Baba ya daina ganin rubutu, aka ba wani aikin. Ni kuwa ban sake komawa Kano ba, na zama mai riƙe masa sanda. 'Yan'uwa masu karatu, in kuka ga iyayenku sun jawo wani kusa, ku tambayi dalili kafin zuciya ta ba ku nata. Ni kunya ta hana ni tambaya, amma ba ta hana ni ƙarya ba.

Sai bayan shekaru, ina ɗiga wa Baba magani a ido, na faɗa masa abin da na yi, na kuma tambaye shi me ya sa ya fifita bare a kaina. Ya laluba ya kama hannuna.

"Uwata, ai saboda ke na ɗauko shi. Na san idona tafiya yake yi. Na nemi wanda zai zama idona ne don kada in cire ki daga makaranta."