Sujadar Godiyar da Ta Zaunar da Mijina

Lokacin da abin ya faru ni matar manomi ce a wani ƙauye kusa da Kafur, mai 'ya'ya huɗu, kuma ba ni da baki a gidan surukaina. Zazzaɓin Lassa ya kama mijina bayan girbin masara. Aka kai shi Zariya, ya yi makonni a ɗakin kulawa ta musamman, bai san wanda ke kansa ba. Ranar sallama ya fito kamar kara, kunne ɗaya ba ya ji, ƙafafu ba sa ɗaukarsa. Likita ta ja ni gefe ta ce cutar ta tafi amma jikin bai dawo ba. Dole mu riƙa kawo shi gashin ƙashi a koya wa ƙafafun tafiya, kuma kada a bar shi kwance.

Muna isa gida yayansa ya sa ranar sujadar godiya. Zumuntar mata suka yi waƙa, maza biyu suka tallafe shi ta hammata har gaban coci, ya ba da shaida cewa ya warke sarai. Ina ganin gwiwoyinsa suna rawa, jama'a na ta tafi. Daga ranar ba mai ikon ambaton asibiti. Da na tuna wa yayan ranar komawa, ya tambaye ni da wane ido mutumin da ya shaida warkarwar Ubangiji zai koma wurin likita, ko so nake in ƙaryata shi a bainar jama'a. Surukata ta ce hutu da kunu kawai yake buƙata, ta hana ni ko miƙe masa ƙafa, wai ina azabtar mata da ɗa. Faston kansa ya zo ya ce a kai shi, suka ba shi ruwa suka raka shi ƙofa.

Haka ya ƙare rani a dunƙule kan katifa, ga mantuwa, ga saurin fushi. Da damina ta faɗi na daina neman izini. Ranar kasuwar Bakori, gida ya watse, ƙanena ya kawo mota muka ɗauke shi zuwa asibiti. Mai gashin ƙashin ya ja ƙafar, ta ƙi miƙewa. Ya ce jijiyoyin sun riga sun ƙage, da mun zo da wuri da yanzu yana bayan shanun huɗarsa.

Har yau raina na tafasa. Ban ƙi godiya ba, ni ma na durƙusa na yi. Amma Allah bai ce a ɗaure mutum da shaidarsa ba. Duk wadda aka sallamo mata majinyaci daga irin wannan ɗaki, ta sani jinya ba ta ƙare ba, ta mayar da shi asibiti ko dangi za su daina gaishe ta. Mijina yanzu da sanduna biyu yake isa bakin ƙofa. Daga nan yake hango gonarsa, yayansa ne ke nomanta.