Kalmar Sirrin Da Na Canza Ranar Da Aka Kore Ni

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da ɗaya, da aure da 'ya'ya biyu, kuma ni ce mai kula da kwamfutoci a ofishin wata ƙungiya mai zaman kanta a garin Birnin Gwari. Edita, ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. Ni mace ce mai zuciya, tun a gidanmu an san ba a taka ni in yi shiru, kuma a wancan lokacin alfahari nake yi da hakan.

Aikin ƙungiyar tamu shi ne tantance iyakokin gonaki. Mutanen ƙauyukanmu da yawa sun yi shekaru suna gudun hijira saboda mutanen daji, gonaki suka cika da ciyayi, kunyoyi suka baje. Da aka ɗan samu sauƙi aka fara komawa, sai rigima ta tashi, wannan ya ce iyakarsa daga ɗorawar nan ne, wancan ya ce sam, daga kaɗanyar can ne. Ba mai takarda, dattawa ne kawai suka san iyaka. Saboda haka ma'aikatanmu kan je da dattijon gari ya zaga gona da ƙafarsa yana nunawa yana faɗa, ana ɗaukarsa a waya, murya da hoto. Da sun dawo sai a juye a babbar kwamfutar ofis, a goge na wayar nan take. Ni da kaina na kafa wannan dokar, don in aka tare mutum a hanyar daji aka ga fuskoki da sunaye a wayarsa, ba shi kaɗai zai shiga uku ba.

Ita kuma babbar kwamfutar, kullum da la'asar tana tura kwafin abin da ke cikinta zuwa wata na'urar ajiya da ke hedikwatarmu a Kaduna. Ba abin da za ka taɓa da hannu ba ce, kwamfuta ce da aka gina a cikin wata kwamfutar, aikinta kawai ta karɓa ta adana. Mu dai rumbu muke ce mata. Ko a hedikwatar ba su da wanda ya san kanta sai ni. Kalmar sirrin babban asusunta, wanda yake buɗe komai, tana kaina, sai kwafi ɗaya a cikin ambulan a durowar shugaban ofis.

Sai aka kawo mana sabon shugaba. Tun zuwansa na ga take-takensa, yana da wani abokinsa da yake so ya ba kujerata. Na yi ta haƙuri, har ranar da aka tare wani ma'aikacinmu a hanyar Kazage. Allah ya kuɓutar da shi, amma ya ce mutanen da suka tare shi kamar sun san da zuwansa. A taron da aka yi washegari, gaban ma'aikata duka har da direba da maigadi, mutumin nan ya ce a bincika wa ke ganin sunaye da jadawalin tafiya, wa kuma kullum kunnensa ke manne da waya. Yana maganar yana kallona. Bai furta kalmar infoma ba, wato mai kai wa mutanen daji rahoto, amma kafin magariba gari ya furta masa. Wanda bai zauna Birnin Gwari ba ba zai san nauyin wannan kalmar ba. Maƙwabta suka daina aiko yara gidana. Surukata ta kira mijina gefe. Na yi sati biyu ban leƙa kasuwa ba don tsoro. Wallahi ko yanzu da nake rubutun nan zuciyata tafasa take yi.

Aka ba ni takardar sallama, aka ce ranar Alhamis in miƙa komai ga abokin nasa. Na miƙa makullai, na miƙa wayoyi, na nuna masa ambulan. Da ya fita sallar azahar sai na zauna gaban kwamfuta na canza kalmar sirrin rumbun. Ga inda laifina yake, kuma ba zan ce ban sani ba. A horon da aka ba ni an ja min kunne cewa rumbun nan yana da asusai da yawa a ɗaure da juna, kuma yana da nasa shafin da ake bi a canza su gaba ɗaya. In ka bi ta bayan gida ka canza ɗaya ka bar sauran, ɓangaren da ke karɓar kwafi zai ci gaba da zuwa da tsohuwar kalmar ana mayar da shi. Na san wannan sarai. Amma hanyar da ta dace tana cin minti ashirin, ni kuma idona ya rufe. Na bi ta bayan gida, cikin minti ɗaya na gama, na ɗauki jakata na fita ko waiwaye ban yi ba. Abin da nake so ɗaya ne, wata rana mutumin nan ya zo ƙofar gidana da ƙafarsa ya roƙe ni.

Wata bakwai ina jira. An kore ni da kaka, rani ya shigo ya wuce, shiru. Daga baya na ji cewa abokin nasa ya gwada kalmar cikin ambulan tun satin farko ta ƙi, amma girman kai ya hana shi faɗa, yana ta nuna shi gwani ne. Saƙonnin gargaɗin da rumbun ke turowa kuwa akwatin imel ɗina na ofis suke zuwa, wanda shugaban ya sa aka rufe ranar da na tafi.

Ruwan farko na damina ya zo da iska mai ƙarfi, ya yaye kwanon ofis, ya jiƙa babbar kwamfutar sharkaf. Aka kai ta Kaduna, masu gyara suka ce ba abin da za a ciro. Kwana biyu sai ga direba a gidana, wai oga yana gaisuwa. Na ce ya koma ya ce ina amsawa. Sai ga abokin, yana ta hajiya hajiya, ni da ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba. Na ce masa ai shi ne gwani, me infoma ta sani. A rana ta huɗu ogan ya zo da kansa. Na bar shi tsaye a rana a ƙofar gida sai da na gama tankaɗe, na wanke hannu, na shafa mai. Ba zan yi ƙarya ba, rabon da in ji daɗi irin na ranar tun haihuwar ɗana na fari. Na ce masa sharaɗina ɗaya ne, ya tara mutanen da ya ci mutuncina a gabansu, ya ƙara da mai unguwa da mijina, ya ce ƙarya ya yi min. Ya ce zai yi tunani. Na ce ya yi a hankali, ba inda za ni.

Ana cikin wannan jan-in-ja ne wata dattijuwa ta yi sallama a gidana. Bagwariya ce, Kirista, daga wajen Kutemeshi. An kashe mijinta a gona, ya bar ta da jikoki uku. Ta ce wani mai ƙarfi a garinsu ya sa an share gonar mijin nata yana cewa tasa ce. Da rani mutanen ofis sun je da wani tsoho da ya san iyakar tun zamanin kakanni, ya zaga ya nuna, aka ɗauka. Tsohon ya rasu cikin zafin bazara. An sa musu ranar zama gaban dagaci, aka ce mata maganar tsohon na cikin wani abu da ni kaɗai ke iya buɗewa. Ta ce, tana kirana 'yata, ita ba ta san abin da ya haɗa mu ba, kuma in an cuce ni Allah ya saka min, amma ruwa ya sauka, in ba ta yi shuka ba bana ba ta san me yaran za su ci ba. Na ba ta ruwa, na ce Iya ta kwantar da hankalinta, komai na nan a adane, ta ba ni kwana kaɗan in gama da mutumin nan. Har rakiya na yi mata zuwa bakin titi.

A rana ta tara ogan ya sauko. Aka taru a tsakar ofis, ya ce ba shi da wata hujja a kaina, zato ne, a yafe masa. Na sa ya maimaita don maigadi ya ce bai ji ba. Sannan na zauna, aka ajiye min kwamfutar hannu, kowa ya zagaye ni. Na buga kalmar, rumbu ya buɗe. Na shiga jerin kwafin da aka adana, na duba na ƙarshe. Ranar Laraba ce, jajibirin ranar da aka kore ni. Na sauka ƙasa, na hau sama, na fita na sake shiga. Daga wannan ranar babu komai, sai jan rubutu layi bayan layi, kowace la'asar an zo an ƙi karɓa. Aikin rani gaba ɗaya, Kutemeshi da kewayenta, bai taɓa isa ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni kaɗai a wurin na san abin da jan rubutun yake nufi.

Aka tambaye ni me ya faru. Edita, a nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Na ce ai ga shi nan, wata bakwai ba wanda ya leƙa. Gaskiya ce, amma rabinta. Hedikwata ta ɗora laifin a kan su biyun, aka sallame su tare, aka dawo da ni kujerata har da ban haƙuri. Na ga mutumin nan yana loda kayansa a mota, kuma a ranar ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Ko yau in aka ce in yi masa kuka ba zan iya ba, abin da ya yi min zai iya sa a kashe ni.

Ranar zaman, dattijuwar ta je hannu rabbana. Mai ƙarfin ya zo da shaidu biyu, ita kuma shaidarta yana kabari. Aka ba shi gonar. Yanzu ƙwadago take yi a gonakin mutane, an ce min har a wannan gonar ta taɓa yin cira. Ba ita kaɗai ba ce, amma ita ce na kalli idonta na ce ta kwantar da hankali.

Na dawo na gyara rumbun, na canza kalmomin ta hanyar da ta dace, na sa mutum biyu su riƙe su, na sa gargaɗi ya riƙa zuwa wa mutum uku. Duk wannan bai dawo da muryar tsohon ba. Ina kira ga duk wanda aka damƙa wa makullin abin mutane, ko na kwamfuta ne ko na sito, in an ɓata maka ka je ka yi faɗanka da wanda ya ɓata maka, da bakinka, ko a kotu, amma kada ka taɓa amanar. Ba ta ogan ba ce, ta mutanen da ba su ma san kuna rigima ba ce. Kuma abin da ka yi cikin fushi a minti ɗaya, ba kai za ka zaɓi wanda zai faɗa wa ba.

Har yau in mun haɗu da dattijuwar a kasuwa ita ke fara gaishe ni. Takan riƙe hannuna ta ce ta san na yi iya ƙoƙarina, ta sa min albarka da Hausa ta ƙara da Gwaranci. Shekara biyu ke nan ina cewa amin, ban faɗa mata ba.